Na rubuta manhajar layin umarni, ta yaya za ta kai ga masu Linux?

Wani ƙanenmu da ke aiki a Makka, a ɗaya daga cikin ofisoshin da ke hidimar alhazai da masu Umra, shi ya aiko da wannan tambaya. Ya ce ya rubuta 'yar manhaja da yaren Rust, irin wadda ake kira daga layin umarni: a miƙa mata fayil ɗin CSV mai jerin baƙi, ta juya kwanan wata daga kalandar Ummul Ƙura zuwa Miladiyya ko akasin haka, ta kuma ware waɗanda takardunsu suka kusa ƙarewa. Abokan aikinsa na Jidda da Madina sun gani sun yaba, suna ta cewa ya sa ta inda za su rubuta `apt install` kawai su samu. Ɗayansu kuma ya kwafi fayil ɗin zuwa sabar ofishinsu, ta ƙi tashi, ta ce `GLIBC_2.39 not found`. Yana so ya san yadda zai shigar da ita Debian da Ubuntu da Fedora, gidajen da ke harhaɗa Linux suna rarraba shi, da kuma dalilin da ya sa rarraba ta yake neman ya fi rubuta ta wuya.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa aikin albarka. Kula da sabobin Linux shi ne aikina a nan Jidda, kuma wannan ɓangaren yana cikin abubuwan da suka fi cin lokacinmu. Shawarata tun daga farko: kar ka sa shiga rumbun Debian ko na Fedora, wato ma'ajiyar da `apt install` da makamantansa ke ɗauko manhajoji, ya zama matakinka na farko. An gina waɗannan rumbuna ne don cika alkawarin da gidajen Linux suka yi wa jama'arsu, cewa abin da aka girka yau ba zai sauya hali ba har tsawon shekaru. Abokan aikinka kuwa gyaran da ka yi jiya suke so ya iso musu kafin jiragen Umra na mako mai zuwa su sauka. Buƙatun biyu duk halal ne, sai dai ba sa tafiya a hanya ɗaya.

Mu fara da abin da ya tsayar da abokinka, don shi ne mai gaggawa. Kusan kowace manhaja a Linux tana jingina da laburaren C na tsarin, wato glibc, wajen buɗe fayil, neman ƙwaƙwalwa da sauransu. Masu glibc suna kiyaye ƙa'ida ɗaya da gaske: abin da aka gina a kan tsohuwar siga zai ci gaba da aiki a kan sabuwa. Ba su taɓa yin alkawarin akasin haka ba. Ka gina manhajarka a kan Ubuntu 24.04 mai ɗauke da glibc 2.39, sai a rubuta a cikin fayil ɗin cewa yana buƙatar wani aiki na sigar 2.39. Da ka kai shi Ubuntu 22.04 mai 2.35, ko Debian 12 mai 2.36, ko Rocky Linux 9 mai 2.34, tun kafin layin farko na kod ɗinka ya motsa za a kore shi. Ka ce wa abokinka ya rubuta `ldd --version` a sabar ɗinsu. Kai kuma ka rubuta `objdump -T` a kan fayil ɗinka, ka tace layukan da ke da GLIBC. Lamba mafi girma da ka gani a wurinka, ita ce mafi ƙanƙantar sigar da za ta iya ɗaukar manhajarka.

Maganin iri biyu ne. Ko dai ka riƙa gini a kan tsohon tsari, misali cikin kwantenar AlmaLinux 8 mai glibc 2.28, yadda duk abin da ya zo bayanta zai karɓa. Ko kuma ka rabu da glibc gaba ɗaya ka gina da musl, wani laburaren C na daban wanda ake cusa shi cikin fayil ɗin kansa: `rustup target add x86_64-unknown-linux-musl`, sannan ka ba `cargo build --release` wannan sunan bayan `--target`. Abin da zai fito fayil ne guda mai cin gashin kansa, zai tashi a Debian da Rocky, har da Alpine da ba ta amfani da glibc. Ga manhaja irin taka mai karanta fayil ta yi lissafi ta rubuta fayil, na biyun nake zaɓar maka. Akwai abin da zai biyo bayan wannan zaɓi, zan zo kansa.

Yanzu ga `apt install`. Abokan aikinka umarni guda suke gani. Abin da ba su gani ba shi ne a bayan kowane ƙunshi, wato manhajar da aka naɗe don girkawa, akwai mutumin da ya ɗauki nauyinsa, kuma a Debian yawancinsu 'yan sa kai ne. Ba a karɓar ginannen fayil daga hannunka. Asalin kod za ka kawo, injinansu su gina shi da kansu, ga x86 da ARM da sauran nau'o'in inji, ba tare da taɓa intanet ba a lokacin ginin. Kafin nan sai ka shigar da sanarwar niyya, wadda suke kira ITP. Sai ka rubuta babban fayil ɗin `debian/` da abin da ke cikinsa: `control`, `rules`, `changelog`, da `copyright` wanda zai bayyana lasisin kowane fayil ɗaya bayan ɗaya. Sai `lintian` ya duba ya fito maka da ƙorafe-ƙorafensa. Sai ka nemi wanda yake da izinin ɗorawa ya duba ya tsaya maka, domin kai baƙo ne. Bayan ya ɗora, ƙunshin zai zauna a layin sababbi, NEW, har masu kula da rumbun su karanta lasisinsa. Babu wanda zai ba ka rana.

Fedora kuma nata tsarin daban: fayil ɗin `spec`, bita a Bugzilla, da mai tsaya maka. Arch tana da `PKGBUILD`, Alpine tana da `APKBUILD`, Nix yana da yarensa. Wahalar da ka sha a gida ɗaya ba ta rage maka komai a gida na gaba. Ba kai ne na farko da abin ya dama ba. A taron Debian na 2014 a Portland ta Amurka, Linus Torvalds da kansa, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya koka a gaban jama'ar Debian cewa manhajarsa ta masu ninƙaya a ƙarƙashin teku, Subsurface, suna fitar da ginanniyarta ga Windows da Mac cikin sauƙi, amma yi wa Linux haka ya zama musu azaba.

Ka ƙaddara duk ka tsallake wannan. Babbar matsalar tana gaba, ita ce lokaci. Debian tana fitar da tsayayyar siga kusan duk shekara biyu, kuma watanni kafin fitowar take rufe ƙofa. Debian 12 ta fito ranar 10 ga Yunin 2023, amma tun Fabrairun shekarar aka daina shigar da sababbin ƙunshi. Debian 13 ba ta fito ba sai 9 ga Agustan 2025. Abin kamar jirgin alhazai ne: idan aka rufe ƙofa kana waje, ba roƙo, sai jirgi na gaba. Wanda ya makara da mako guda a Fabrairun 2023, sai da aka yi aikin Hajji uku kafin manhajarsa ta kai ga masu tsayayyar Debian. Wanda ya samu shiga kuma, sigar da ya shiga da ita ita za ta zauna daram, shekara uku na cikakkiyar kulawa, har biyar idan aka haɗa da tallafin dogon zango. Ba a karɓar sabon fasali, sai gyaran tsaro ko na babban kuskure, shi ma ɗan ƙaramin faci ake so. Ubuntu daga Debian take kwasowa, sigarta mai dogon zango tana fita duk Afrilun shekara mai lamba cif, 22.04, 24.04, kuma manhajarka za ta faɗa sashen universe ne, inda kulawar ta rataya a kan 'yan sa kai. Red Hat kuwa shekara goma take riƙe siga ɗaya. Akwai ƙofar baya da ake kira backports, amma sai mai amfani ya kunna ta da hannunsa, kuma sai wani ya ɗauki nauyin sake gina maka a can.

Ka auna wannan da aikinka. Idan wata hukuma ta sauya tsarin ginshiƙan fayil ɗin da take fitarwa ana saura wata guda a shiga Zulhajji, kai za ka gyara a dare ɗaya. Mai `apt install` kuwa yana nan da tsohuwar. Haka masu `yt-dlp`, manhajar sauke bidiyo, suke fama: shafukan bidiyo suna sauya tsari kullum, sigar da ke cikin tsayayyen rumbu tana tsufa cikin watanni. Duk manhajar da take bin wani abu mai motsi a waje, tsayayyen rumbu yana mata ƙunci.

Rust kuma ya ƙara wa abin nauyi. Ka rubuta `cargo tree` ka ga tsawon jerin da zai fito. 'Yar manhaja mai amfani da laburare biyar ko shida takan jawo gommai a ƙarƙashinsu. Kai a wurinka `Cargo.lock` ya ɗaure kowanne a sigar da ka gwada. Manufar Debian kuwa ba ta son a kwafo kod ɗin wani a cusa cikin ƙunshi. Tana so kowane laburare ya zama ƙunshi mai zaman kansa, `librust-kaza-dev`, kuma galibi siga ɗaya ce za ta wadaci kowa. Idan guda uku cikin naka babu su a Debian, sai an shigar da su tukuna, kowanne ya bi layin NEW. Idan akwai su amma sigar ta bambanta, sai a sassauta sharuɗɗanka a gina da abin da ke ƙasa, wato da haɗin da kai ba ka taɓa gwadawa ba. Shi kansa magini matsala ne: Rust yana fitar da sabuwar siga duk mako shida, Debian 12 kuwa da 1.63 ta fito, ta Agustan 2022. Wannan rikicin ne ya sa a Agustan 2024 Jonathan Carter, wanda ya taɓa shugabantar Debian, ya ajiye kula da `bcachefs-tools`: marubucin yana so a gina da ainihin sigogin da ya zaɓa, tsarin Debian bai ba da wannan ba. Masu Go ma haka suke fama. Masu Python tasu ta ɗan bambanta: tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, `pip install` a kan Python ɗin tsarin yana ƙi, ya ce `externally-managed-environment`, sai a koma `pipx`.

Sai batun suna, wanda mutane ke rainawa. `/usr/bin` fili ɗaya ne da dubban ƙunshi ke rabawa, wanda ya riga ya riga. Manhajar neman fayil da duniya ta sani da `fd`, a Debian da Ubuntu `fdfind` ake kiranta. `bat` ta zama `batcat`. Ƙunshin Docker na Debian `docker.io` ne, saboda wata tsohuwar 'yar manhajar tebur ta riga ta ɗauki sunan. Node.js ya yi shekaru ana kiransa `nodejs` saboda wata manhajar masu rediyon sha'awa ta riga shi zama `node`. Mafi cutarwa ita ce `yq`: manhajoji biyu ne mabambanta masu suna ɗaya, ɗaya da Python ɗaya da Go, wadda `apt` ke bayarwa ba ita ce wadda yawancin bayanan intanet ke nufi ba. Rubutun umarnin da ya yi aiki a kwamfutarka sai ya karye a ta maƙwabci, ba tare da kowa ya yi laifi ba. Kai ma ka duba tun yanzu, kafin sunan ya kama bakin mutane. Debian ta daɗe da ƙunshin `itools`, mai `idate` da `ical` da `ipraytime`, kuma `idate` yana juya kwanan Hijira. Kar ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, kuma ka shirya amsa, domin duk wanda za ka nema ya tsaya maka zai tambaye ka me taka ta fi wannan da shi.

Akwai kuma abin da ke cin ran marubuta: ƙorafi wurinka zai riƙa zuwa. Mutum zai rubuto maka a fusace a kan kuskuren da ka gyara shekara biyu da suka wuce. Jamie Zawinski, mai XScreenSaver, har ya nemi Debian ta cire manhajarsa a 2016 saboda irin wannan. Wani lokacin ma abin da ke hannun mai ƙorafin ba ainihin kod ɗinka ba ne, an yi masa faci a hanya. Mafi munin misali a tarihi shi ne na OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai: a 2006 aka cire wasu layuka a ƙunshin Debian don a kashe gargaɗin wani kayan bincike, ashe layukan ne ke ciyar da injin ƙirƙirar mabuɗan sirri. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa mabuɗan da Debian da Ubuntu suka ƙirƙira a tsakanin nan ba su wuce 'yan dubu talatin da biyu ga kowane nau'i ba.

Ba na so ka tashi daga nan kana ganin masu rumbu a matsayin masu taurin kai. Ni da nake riƙe da sabobi, wannan jinkirin nasu shi ne barcina. A ƙarshen Maris ɗin 2024 Andres Freund ya lura shiga sabar daga nesa ta ssh tana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, ya gano an dasa ƙofar ɓoye a cikin manhajar matse fayil ta xz, siga 5.6.0 da 5.6.1. Gubar ta kai rassan gwaji na Debian da Fedora. Ba ta kai tsayayyar Debian ba, ba ta kai Red Hat ɗin da kamfanoni ke amfani da ita ba, saboda ƙofar tana rufe. Haka nan ƙin yarda da kwafo laburare yana da hujja mai ƙarfi. Idan aka gano rami a laburare guda, su gyara shi a wuri ɗaya, su san kowane ƙunshin da ya shafa. Idan kuwa kowace manhaja ta haɗiye nata kwafin, wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya?

Wannan shi ne abin da na ce zai biyo bayan zaɓin musl. Fayil mai cin gashin kansa ba ya amfana da `apt upgrade`. Duk abin da ka cusa a cikinsa, kai ne mai sabunta shi har abada. Ga misalin da ya shafi manhajarka kai tsaye. A ranar 1 ga Nuwamban 2017 Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, daga awa uku gaban GMT, daidai da namu na Saudiyya, zuwa awa biyu. Masu kula da bayanan lokutan duniya sun fitar da gyaran a Oktoba, gidajen Linux suka tura sabon ƙunshin `tzdata` har cikin tsayayyun sigoginsu, duk manhajar da ke karanta `/usr/share/zoneinfo` ta wayi gari daidai ba tare da marubucinta ya ɗaga yatsa ba. Wadda ta haɗiye nata teburin kuwa ta ci gaba da ba Khartum tsohon lokaci har sai an sake gina ta. A Rust, `chrono-tz` haka yake yi, lokacin gini yake cusa teburin. Ka tuna baƙinku daga ko'ina suke: 'yan'uwanmu na Gadarif da Mai Wurno ta Sudan suke tasowa, ga Masar da ta dawo da sauyin agogon bazara a 2023, ga Maroko da ke sauya nata saboda Ramadan. Idan wata rana ka ƙara lissafin lokacin tashin jirgi, ka sa manhajar ta fara duba teburin tsarin, nata na ciki ya zama na ko-ta-kwana.

Za ka ji ana cewa Snap da Flatpak da AppImage, tsare-tsaren naɗe manhaja sau ɗaya ta yi aiki a gidajen Linux daban-daban, sun warware duk wannan. Ga manhajar tebur mai taga da maɓallai, sun rage wahala ƙwarai. Ga ta layin umarni, ban gamsu ba. Amfanin irin manhajarka shi ne ta karanta duk fayil ɗin da aka nuna mata, a duk inda yake, ta miƙa sakamako ga wata manhajar ta bututu. Su kuma waɗannan tsare-tsare an gina su ne a kan killacewa. Ka ɗauki Snap: abokinka ya ajiye jeri a `/tmp/jeri.csv`, `ls` yana ganinsa, ya kira manhajarka ta ce babu wannan fayil. Dalili, kowane snap yana da nasa `/tmp` na daban. Izinin `home` yana buɗe masa gidan mai amfani amma ban da ɓoyayyun fayiloli masu farawa da ɗigo, `/srv` kuwa, inda ofisoshi da yawa ke tara bayanai, ba ya ganinsa sam. Akwai yanayin classic mai cire shingen, amma sai ma'aikatan Canonical, kamfanin da ke fitar da Ubuntu, sun duba sun amince. Ga shi yana duba sabuntawa da kansa sau huɗu a rana, abin da mai kula da sabar ba ya so a tsakiyar aikin Hajji. Shagon kuma guda ɗaya ne tak, na Canonical, har Linux Mint ta toshe shi tun 2020. Flatpak don tebur aka yi shi, kiran manhaja a cikinsa `flatpak run` ne da dogon suna mai ɗigo-ɗigo, kuma yana jawo ginshiƙi mai ɗaruruwan megabait saboda abin da bai kai megabait goma ba. AppImage ya daɗe yana dogara da `libfuse2`, wanda Ubuntu ta daina girkawa da kanta tun 22.04. Kai da kake da fayil guda na musl, ba abin da zai ƙara maka.

To da ni ne kai, ga yadda zan yi. Duk fitowa zan ba ta lamba, in gina fayil biyu na musl, ɗaya na x86_64 ɗaya na aarch64, domin sabobin ARM sun yawaita, ga Raspberry Pi a ƙananan ofisoshi. Kowanne in naɗe shi a `tar.gz` tare da shafin `man`, da fayil ɗin cikon umarni na bash, da lasisi, in ajiye `SHA256SUMS` a gefe. Daga wannan ginin dai zan fitar da `.deb` da `.rpm`, `nfpm` yana yin duka biyun daga ɗan fayil ɗin saiti guda, `cargo-deb` kuma yana yin na Debian kai tsaye daga `Cargo.toml`. Waɗannan ba za su ci jarabawar shiga Debian ba, kuma ba a nemi su ci ba. Abokinka zai rubuta `sudo apt install ./sunan-fayil.deb`, ɗigon da karkatacciyar sandar dole ne, sai tsarin ya san da zaman manhajar, ya san fayilolinta, ya iya cire ta tsaf. Hanyar da ripgrep, manhajar neman kalma cikin fayiloli, ta bi ke nan: ta fito a 2016, marubucinta yana ajiye ginannun fayiloli da kansa, mutane suka yawaita a kanta, sannan ta shiga tsayayyar Debian a 2019.

Abin da wannan ba ya bayarwa shi ne sabuntawa ta kai tsaye. Idan masu amfani suka wuce waɗanda za ka iya sanar da su a zauren WhatsApp, lokacin buɗe rumbunka ya yi. `aptly` ko `reprepro` za su yi maka na apt, `createrepo_c` na rpm. Idan ba ka son riƙe sabar, akwai PPA na Launchpad, da Copr na Fedora, da Open Build Service na openSUSE mai gina wa gidaje da yawa a lokaci ɗaya. Ka dai sani injinan Launchpad ba sa taɓa intanet, sai ka yi `cargo vendor` ka haɗa laburarenka da kod ɗin. A nan ina so ka tsaya ka yi tunani sosai, ƙanena. Duk wanda ya ƙara rumbunka a sabar ɗinsa ya ba ka ikon root, wato iko da komai, a kanta, domin rubutun `postinst` na cikin ƙunshi da cikakken iko yake gudana. Amana ce babba. Mabuɗin sa hannunka kar ya kwana a kwamfutar da kowa ke taɓawa a ofis. A umarnin girkawa da za ka rubuta, ka sa a ajiye mabuɗin a `/etc/apt/keyrings` a ɗaure shi da rumbunka kaɗai ta `signed-by`. Tsohon `apt-key` an yi watsi da shi saboda yana sa a amince da mabuɗi ga kowane rumbu. Ka rubuta ranar ƙarewar mabuɗin inda za ka gani, don ranar da ya ƙare `apt update` zai fara kuka a wurin kowa. Ka kuma gaya musu cewa `unattended-upgrades` ba ya ɗaukar rumbun waje sai an saita shi, kuma ɗaga Ubuntu zuwa sabuwar siga yana kashe rumbunan waje sai an sake kunna su.

Rubutun girkawan nan da ake saukewa da `curl` a zuba wa `sh` ya gudanar kai tsaye, manyan ayyuka irin su rustup mai girka Rust suna amfani da shi, amma ni ba na barinsa a sabobin da ke hannuna, kuma ba na so ka saba wa abokan aikinka da shi. Tsarin ba ya sanin abin da aka girka, ba kuma wanda ya karanta abin da ya gudana. Wanda ba shi da `sudo` ya sauke `tar.gz`, ya duba `sha256sum`, ya ajiye fayil ɗin a `~/.local/bin`. Ya wadatar.

Ƙofar Debian da Fedora kuma kar ka rufe ta, ka share mata hanya kawai. Ka rage laburaren da ba dole ba. Gini da gwaji su yi aiki ba intanet. Kar ka rungumi sabon fasalin Rust a makon da ya fito. Idan ka rubuta `Makefile`, ya girmama `PREFIX` da `DESTDIR`. Saiti ya zauna a `~/.config`. Manhajar kar ta riƙa sabunta kanta ko tuntuɓar wata sabar a ɓoye, kuma `--version` ya faɗi gaskiya, don shi za ka fara tambayar duk mai ƙorafi. Idan ta yi amfani, wata rana wani zai ɗauke ta ya kai AUR, rumbun masu amfani da Arch, ko Nix ko Debian ba tare da ka roƙa ba, kuma shafin Repology zai nuna maka wace siga ce ke wane gida.

Kafin ka saki ko layi ɗaya ga jama'a, akwai abubuwan da nake so ka warware a wannan makon. Ka tambayi mai ofishinku, a rubuce, ko ya yarda a fitar da kod ɗin, tunda a bakin aikinsu ka rubuta shi. Ka binciki inda ka samo teburin Ummul Ƙura da ke ciki da lasisin da yake ɗauke da shi, domin fayil ɗin da ba a san asalinsa ba shi kaɗai ya isa a mayar da ƙunshi daga layin NEW. Ka kuma rubuta a shafin `man` cewa lissafin kalanda ne manhajar ke bayarwa, farkon Ramadan da Zulhajji kuwa sanarwar ganin wata ake bi, tana iya saɓawa da kwana ɗaya.

Na ƙarshen ya fi su nauyi. Ka buɗe fayilolin gwajinka ka duba. Yawancin masu rubuta irin wannan manhaja da jerin gaske suke fara gwaji, mai sunayen alhazai da lambobin fasfo da ranakun haihuwa. Goge fayil ɗin yau bai isa ba, yana nan a tarihin git, manhajar da ke adana duk sauyin da aka yi wa kod. `git log --all --stat` zai nuna maka duk fayil ɗin da ya taɓa shiga. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki tun Satumban 2023, kuma ko babu doka, bayin Allah ne suka miƙa wa ofishinku takardunsu. Abin da ya shiga rumbun jama'a ba ya dawowa, Debian ma tana adana tsofaffin sigogin ƙunshinta a snapshot.debian.org. Idan ka ga ko jeri ɗaya na gaske a tarihin, ka buɗe sabon rumbun git daga kod ɗin yau, ka ƙirƙiri sunaye da lambobin bogi don gwaji, tsohon kuma ya zauna a cikin ofis.